Kafin kocin ya sa hannu a kwantiragin

Na karanta wani labari da ke cewa wani kocin ƙwallon ƙafa yana nazarin tayin da wata babbar ƙungiya ta yi masa, kuma a ganina yawan albashi ba shi ne abin da ya kamata ya fara dubawa ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, wane ne zai riƙa yanke shawarar sayen 'yan wasa, kuma tsawon wane lokaci shugabannin za su yi masa haƙuri idan sakamako ya ƙi zuwa?

David Moyes ya shafe shekara 11 a Everton ana ganin girmansa, amma da ya gaji Alex Ferguson a Manchester United a shekarar 2013, bai cika shekara guda ba aka sallame shi, duk da cewa kwantiragin shekara 6 aka ba shi. Haka ma Graham Potter, wanda ya bar Brighton a Satumbar 2022 ya koma Chelsea, aka kore shi a Afrilun 2023. Ba wai sun manta aikin ba ne dare ɗaya. Sun tarar da taurarin da ba su suka zaɓo su ba, da magoya bayan da ke ɗaukar kunnen doki tamkar shan kashi.

Ban ce ya ƙi tafiya ba, domin irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Sai dai na fi son ya kammala kakar bana tukuna, ya karɓi sabuwar ƙungiyar lokacin hutu, yadda zai samu makonnin atisaye kafin a fara yi masa hisabi.