Kafin ka ce wa kwastoma "haraji ya ƙaru"

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, duk inda masu cin gashin kansu suka haɗu a Kaduna maganar ɗaya ce: mu ƙara kuɗin aiki, gwamnati ta ƙara haraji. Mai ɗaukar hoton biki yana faɗa, mai zanen kati da fosta a kwamfuta yana faɗa, mai sa sola yana faɗa, har masu walda a Panteka. Ni ina goyon bayan a ƙara kuɗin aiki. Abin da ke damuna shi ne hujjar da muke kafawa, domin yawancinmu ba mu taɓa zama mun lissafa nawa ake binmu ba.

Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Kuma a kan riba ake lissafin, bayan ka fitar da abin da ka kashe wa aikin. Wanda ribarsa ta shekara miliyan 3 ce, naira 330,000 ake binsa, wato kashi 11 na abin da ya samu. Kuɗi ne, ba na raina su. Amma in ka laftawa kwastoma ƙarin kashi 40 ka ce haraji ne, ranar da ya haɗu da akanta ya yi masa lissafi, ka zubar da amanar da ke tsakaninku.

Inda muke asara ta gaske wani wuri ne daban, kuma shi ya fi ƙona min rai. Ka yi wa kamfani ko wata ƙungiya aikin ƙwarewa na naira 400,000. Alat ya shigo, ka ga 380,000. Ka kira ofishin kuɗi, a ce maka an cire kashi 5 na haraji tun daga tushe. Sai ka ce to, Allah ya sa albarka, ka kashe waya. Ɗan uwa, wannan 20,000 ɗin harajinka ne aka fara biya maka, kuma kana da haƙƙin a ba ka takardar shaida cewa an zuba shi da sunanka da lambar harajinka. Ranar da ka je KADIRS, hukumar tara haraji ta Jihar Kaduna, cike takardar shekara, sai a rage shi daga abin da ake binka. In ba ka karɓi takardar ba, za ka biya sau biyu, ko kuma kuɗin ya kwana a hannun wanda ya cire bai kai wa gwamnati ba. Mutane nawa ne a cikinmu suke da fayil ɗin da suke ajiye waɗannan takardu? Nawa ne suke ajiye rasit na data, da mai na janareto, da kuɗin Keke Napep daga Kawo zuwa Barnawa don kai wa kwastoma aiki? Duk abin da ba ka da shaidar ka kashe, riba za a ɗauke shi.

In ma za ka saka haraji a farashi, a yi lissafin daidai. Kana cikin rukunin kashi 15, kana so 100,000 ta rage maka a hannu: 115,000 ba za ta isa ba, sai wajen 117,650, domin ƙarin ma ana cire masa nasa. Kada kuma a haɗa wannan da VAT, harajin da ake ɗorawa kan kaya da aikin da aka saya, na kashi 7.5, wanda dama mai saye aka tsara ya ɗauka.

To kwastoma zai yarda? Ya danganta da yawan masu iya abin da kake yi. Injiniyan da ya san haɗa sola ta asibiti ko gyaran injin niƙa na masana'anta, in ya ƙara, za a yi ƙorafi a biya, saboda ba a samun irinsa a kowane lungu. Mai zanen katin biki kuwa, yana cewa 15,000 an samu ɗalibi a Tudun Wada da zai yi da waya a 5,000. Wannan ba ya iya tura harajinsa kan kowa, shi zai haɗiye, har sai ya ƙware a wani abu da ɗalibin bai iya ba. Masu yi wa 'yan ƙasar waje aiki ta intanet su ma su sani, wanda ke Ingila ko Amurka babu ruwansa da dokarmu, amma dalar da ke shigo musu tana cikin abin da ake biya wa haraji a nan.

Hujjar ƙarin farashi muna da ita, kuma kwastoma ya san ta don shi ma tana cinsa. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023. An ƙara kuɗin wuta ga 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024. An amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Wanda har yau yake karɓar farashin 2022 don yana jin nauyin Alhaji, shi yake ciyar da aikin daga aljihunsa. Ka ce, "Ranka ya daɗe, daga wata mai zuwa aikin nan zai koma kaza," ka ba shi lokaci, ka rubuta a takarda ko za a cire haraji daga ciki ko a'a tun kafin ka ɗauki alƙalami. Wasu za su tafi, na san da zafi, musamman tsohon kwastoma. Amma aikin da kake yi a kan asara gara ya tafi, ka samu lokacin nemo wanda zai biya.

Masu sana'ar kansu kuma su tuna, 31 ga Maris ce ranar ƙarshe ta miƙa takardar harajin shekarar da ta gabata.