Gabar Sakson da Noman ba ta kai zamanin Robin Hood ba

Iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida sukan kunna musu wasannin kwaikwayo na sauraro kan tarihin Ingila, kuma da yawansu zubi ɗaya ne: 'yan Sakson, wato tsofaffin mazauna Ingila, talakawa ne masu gaskiya, 'yan Noman, da suka zo daga Nomandi a arewacin Faransa, azzaluman baƙi, Robin Hood kuma, ɗan fashin nan na almarar Ingila, jarumin Sakson da ke yaƙarsu a zamanin Sarki Richard, wajen 1190. Yara sai su ɗauka haka tarihi yake.

Zaluncin farko dai ya faru. Bayan William na Nomandi ya ci yaƙin Hastings a 1066, ya ƙwace gonakin manyan Ingilishi ya raba wa mutanensa, ya kuma ƙone arewacin ƙasar tsakanin 1069 da 1070. Amma rabuwar ba ta daɗe haka ba. A 1100 ɗan William, Henry na Ɗaya, ya auri Matilda, jinin sarautar Sakson. Kafin 1180 ma'ajin sarki, Richard FitzNeal, ya rubuta cewa auratayya ta sa da wuya a gane Ba'ingile da Banoman a cikin mutane masu 'yanci.

Marubuci Walter Scott ne ya yaɗa wancan hoton na gabar Sakson da Noman da littafinsa Ivanhoe a 1819. Tsofaffin waƙoƙin Robin Hood ba su ma kira shi ɗan Sakson ba, kuma sarkin da ɗaya daga cikinsu ta ambata Edward ne. Wasannin na da daɗin ji, amma a gaya wa yaro shekarun da abubuwan suka faru.