Raguwar adadi a sansani ba ita ce samun sauƙi ba

Raina yana sosuwa idan na ji an ce tunda adadin 'yan gudun hijira ya ragu a sansani, to wahalarsu ma ta ragu. Masu wannan fahimta suna da uzuri, domin wanda ya bar sansani ana kyautata zaton ya samu mafita.

Sai dai rajistar sansani kawuna kawai take ƙirgawa. A ce mace ce mai 'ya'ya huɗu, aka rufe sansaninsu, ta koma wani kango a bayan gari. Adadi ya ragu da biyar, amma ita ba ruwa, yaran ba makaranta, tallafin abinci kuma ya yanke.

Hukumar Ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin ƙididdigar 'yan gudun hijira a 2018, da na waɗanda aka raba da muhallansu cikin ƙasarsu a 2020. Auna walwala sai an bi gida-gida, a duba tsaro, sana'a, matsuguni, kiwon lafiya da takardun shaida, sannan a kwatanta da halin 'yan garin da suka karɓe su. Galibin 'yan gudun hijira ma ba a sansani suke zaune ba.