Mai hannu ba shi da kaka, mai kaka ba shi da hannu

Duk sanda aka ta da zancen basirar dabbobin ruwa, ba a rasa wanda zai yi caraf ya ce, "To in wayo gare su, me suka gina?" Tambayar nan tana ci mini rai. Mai yin ta ya riga ya yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a, domin mudun da ya zo da shi na ɗan Adam ne: wanda ya yi kama da mu shi ne mai basira, wanda bai yi ba daƙiƙi.

A 2016, a gidan ajiye halittun ruwa na garin Napier a ƙasar New Zealand, an wayi gari babu wani oktofus mai suna Inky a tankinsa. Oktofus shi ne halittar tekun nan mai hannuwa takwas, jiki tuɓus, ba ƙashi ko ɗaya. 'Yar kafa aka bari a murfin tankin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma shi wannan fita ya yi: ya sulalo ƙasa cikin dare, ya ja jiki zuwa bakin wani bututun magudanar ruwa, ya bi shi har teku. A 2009 kuma masu bincike sun ba da labarin wani jinsinsa a tekun Indonesiya da ke kinkimar ƙoƙon kwakwa yana yawo da shi, in ya ga hatsari ya shige ya rufe kansa. Ɗaukar kaya yanzu don amfanin anjima, ai wannan tanadi ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda aka ƙera shi. Ƙwayoyin jijiyarsa sun kai miliyan 500, kuma kusan kashi biyu cikin uku ba a kai suke ba, a hannuwa suke. Kowane hannu yana ɗanɗana abin da ya taɓa, yana kuma yanke wasu ƙananan shawarwari da kansa. Masana kimiyyar halittu sun ce reshensa ya rabu da na masu ƙashin baya fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, lokacin da magabacin duka biyun bai wuce 'yar tsutsa ba. Ke nan basirar oktofus ba gado ba ce daga tushe ɗaya da ta biri ko giwa. Ta tsiro ne daban, ta wata hanya. Hankaka ma haka. A 2002 a Jami'ar Oxford, wata hankaka mai suna Betty ta lanƙwasa waya ta yi ƙugiya, ta zaro abinci daga cikin bututu, da ƙwaƙwalwar da ba ta kai giram 10 ba.

Shi ya sa ban yarda da hoton tsani ba, wai kifi a ƙasa, biri a tsakiya, mu a sama. Ƙwaƙwalwa tsada gare ta. Ta mutum kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfinsa. Halitta ba ta ɗaukar wannan ɗawainiya sai rayuwa ta matsa mata. Magabatan oktofus sun yar da ƙoƙon da ke kare su, suka zama tsoka tsagwaronta a cikin teku cike da mayunwata, dole dabara ta maye gurbin sulke. Shi kuwa dolfin, dabbar tekun nan mai kama da babban kifi, zaman jama'a ne ya matsa masa: sanin aboki, sanin abokin gaba, sanin wa ke ƙawance da wa.

To me ya hana su gini? A nan ne nake ganin masu tambayar ba su zurfafa ba.

Oktofus yana da hannu, har takwas, amma ba shi da dattijo. Yawancinsu shekara ɗaya zuwa biyu suke yi a duniya. Uwa takan kwanta a kan ƙwanta tana gadi, ta daina cin abinci, ta mutu daidai lokacin da 'ya'yan ke ƙyanƙyashewa. Duk abin da ta sani, da shi take tafiya. Kowane ɗa maraya ne tun ranar farko, daga sifili yake farawa.

Dolfin akasin haka ne. Ba kifi ba ne ma, shayarwa yake yi. Magabatansa a tudu suke kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, an tono ƙasusuwansu a Pakistan, kuma danginsa mafi kusa a tudu yau ita ce dorina. Yana iya kai shekara 40, ɗa yakan yi shekara uku ko fiye a gefen uwa. A gaɓar Shark Bay ta Ostireliya, tun shekarun 1980 ake ganin wasu dolfin suna sanya soson teku a baki suna tonon yashi don kada duwatsu su yanke su, kuma sana'ar daga uwa take wucewa, galibi zuwa 'ya mace. Kowanne yana da fitonsa na musamman da ake gane shi da shi, kamar suna, har wani bincike na 2013 ya nuna suna tuna fiton tsohon abokin zama bayan rabuwar shekara 20. Makaranta dai akwai. Sai dai hannun da zai riƙe guduma ya riga ya koma filafilin iyo, ko da yake ƙasusuwan yatsu suna nan a ciki har yau. Ga kuma babbar matsalar da ta haɗa su duka: ba a hura wuta a cikin ruwa. Babu wuta, babu ƙira.

A tudu ne abubuwan suka fi samun haɗuwa. Tun 1960 wata mai binciken dabbobi, Jane Goodall, ta ga birin cimfanzi a Gombe ta ƙasar Tanzaniya yana zage ganyen tsinke yana zura shi a shuri don kamo gara, ƙanana kuma sukan zauna suna kallon manya suna yi. Ɗan Adam ya haɗa hannu, tsawon rai, harshe da wuta. Ba na musun cewa ya yi wa kowa fintinkau. Abin da nake musu shi ne a ce rashin gini rashin basira ne.

Ko gwajin madubin da ake ta alfahari da shi ma bai kuɓuta ba. Wani masani, Gordon Gallup, ya fito da shi a 1970: a ɗiga wa dabba alama a jiki, a ga ko za ta gane kanta a madubi. Cimfanzi ya ci, dolfin ya ci a 2001, giwa ta ci a 2006, kowa ya yi tafi. Kare ya faɗi, shi da duniyarsa ta hanci ce ba ta ido ba, aka ce ai dama. Da wani ɗan mitsitsin kifi mai sana'ar tsince ƙwari daga jikin manyan kifaye ya ci a 2019, sai wasu suka ce a dakata tukuna, wataƙila gwajin ne ke da matsala.