Makarantar da masu faɗa a ji suka kwashe 'ya'yansu daga cikinta

Duk lokacin da aka tayar da zancen makarantun kuɗi da na gwamnati, muhawara takan tsaya ne kan wacce ta fi iya koyarwa. Ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Babbar ɓarnar da wannan rabuwa take yi ita ce tana raba makarantar gwamnati da mutanen da in sun yi magana ake saurare, ta bar ta a hannun iyayen da kukansu ba ya wuce ƙofar ofishin shugaban makaranta.

Mu fara da batun koyarwar ma. Tun shekarar 2000 ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, take gudanar da jarrabawar PISA, mai auna iya karatu da lissafi da kimiyya, ga yara 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama. Ɗaliban makarantun kuɗi sukan fi samun maki, wannan gaskiya ne. Amma da zarar an yi la'akari da irin gidajen da yaran suka fito da kuma irin abokan karatunsu, tazarar takan ragu ƙwarai ko ta ɓace a mafi yawan ƙasashe. Wato yaron da ya tashi a gidan da akwai littattafai, da uwa mai duba masa aikin gida, da malamin da ake biya ya zo ya yi masa bita da yamma, ya riga ya shigo aji da rabin nasararsa. Makaranta ta karɓe shi ne a shirye, sannan ta liƙa sakamakonsa a allon talla. Wani babban bincike da masanin zamantakewa James Coleman ya jagoranta a Amurka a 1966 ya gano kusan haka: gidan da yaro ya fito da yaran da yake zama da su a aji sun fi gini da kayan aiki tasiri a kan karatunsa.

To me iyaye suke saya da wannan maƙudan kuɗi? Abokan zama suke saya, da sanayya, da iya magana a gaban manya ba tare da rawar murya ba. Birtaniya ta isa misali. Kusan kashi 7 cikin ɗari na yaran ƙasar ne ke zuwa makarantun kuɗi, amma rahoton da gidauniyar Sutton Trust ta fitar tare da hukumar gwamnati a 2019 ya nuna kashi 65 cikin ɗari na manyan alƙalai can suka yi karatu. Makaranta guda, Eton, ta yaye firaministoci 20, ciki har da David Cameron da Boris Johnson. Babu mai hankalin da zai ce basira ce ta taru a wannan ɗan ƙaramin rukuni ta bar sauran jama'a.

Yanzu a dubi abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren. Iska ta yaye rufin aji, ko malamin lissafi ya yi ritaya ba a kawo madadinsa ba har zango ya ƙare. In a cikin yaran ajin akwai 'yar alƙali ko ɗan babban jami'i a ma'aikatar ilimi, kiran waya ɗaya ya wadatar, kafin mako ya zagayo an gyara. In kuwa duk iyayen leburori ne da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda zuwa taron iyaye da malamai ma yana nufin asarar abin da za su samu a ranar, sai a rubuta takardar koke, a kai ofis, a dawo a yi ta jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga shi masu tsara kasafin kuɗin ilimi sun daɗe da barin ɗakin. Hatta malaman makarantar gwamnati, da yawansu sukan ƙuntata wa kansu su kai nasu 'ya'yan wani wuri, kuma yaran da suke koyarwa sun san haka. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin yaro yakan gane tun yana ƙarami irin darajar da aka ba shi.

Ban ga laifin uban da ya nema wa ɗansa mafita ba. Yaro ba ya jiran gwamnati ta gyara tsari kafin ya girma. Talakawa ma da yawa suna yanke abin bakinsu su biya ƙananan makarantun kuɗi masu ɗakuna uku da malaman da ba su da horo, kawai don a can malami yana shiga aji. Sai dai abin da ya zama dabara ga gida ɗaya, in kowa ya yi shi, ƙasa ce take asara.

Chile ta gwada barin komai a hannun kasuwa. A 1981, zamanin mulkin soja na Janar Pinochet, aka fara biyan makarantu kuɗin tallafi bisa yawan ɗaliban da suka jawo, na gwamnati da masu zaman kansu, da tunanin gasa za ta gyara kowa. Abin da ya biyo baya shi ne makarantu suka koma tace yara, masu hali suka ware gefe, talakawa suka taru a makarantun ƙananan hukumomi. Ɗalibai suka cika tituna a 2006 da 2011, har a 2015 gwamnatin Michelle Bachelet ta kafa dokar da ta hana makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati cin riba, da zaɓen ɗalibai, da karɓar ƙarin kuɗi daga iyaye. Finland kuwa ta bi akasin haka: a shekarun 1970 ta haɗa yaranta a makaranta iri ɗaya ta shekara tara, kuma 'yan makarantu masu zaman kansu da take da su ba a yarda su karɓi kuɗin karatu ba. Makinta a PISA ya sauka daga inda yake a da, amma ɗan minista da ɗan direba har gobe suna iya zama benci ɗaya.

Masu hali sukan ji tsoron cewa cuɗanya za ta ja 'ya'yansu baya. Indiya ta ba da amsa. Dokar haƙƙin ilimi ta 2009 ta wajabta wa makarantun kuɗi su ware kashi 25 cikin ɗari na gurabun ajin farko ga yaran marasa galihu, gwamnati ta biya. Masanin tattalin arziki Gautam Rao ya bibiyi makamancin wannan tsari a manyan makarantun Delhi, ya tarar 'ya'yan masu kuɗin da suka zauna aji ɗaya da talakawa sun fi tausayi da kyauta, sun rage ƙyamar wasa da su, kuma illar da abin ya yi wa makinsu kaɗan ce. Inda tsarin yake tuntuɓe shi ne gwamnatocin jihohi kan yi jinkirin biyan makarantun, makarantun kuma su sami hujjar kauce wa dokar.

Ana yawan kiran a tilasta wa masu riƙe da muƙamai su sa 'ya'yansu a makarantun gwamnati. Ina fahimtar fushin da ke bayan kiran, amma doka ce mai sauƙin zillewa. Abin da na fi so a matsa wa hukumomi a kai shi ne makarantar da ta fi yawan 'ya'yan talakawa ta fi samun kaso a kasafi, a tura mata ƙwararrun malamai da ƙarin alawus, a riƙa wallafa abin da aka kashe wa kowace makaranta don iyaye su gani, sannan duk makarantar kuɗin da ke cin moriyar fili ko rangwamen haraji daga gwamnati ta buɗe gurabu ga yaran da ba za su iya biya ba.