Idan mutum ya ce shinkafa ba ta karɓarsa

A Kano, duk wanda ya ce shinkafa ba ta karɓarsa sai ya shirya shan magana. Wani ya ce iyayi ne, wani ya ce tsirfar 'yan boko ce, wata ta ce ai duk garin nan shinkafar Kura muke ci, ba mu ga wanda ta kayar ba. Ni da nake zaune a Birmingham ta Ingila, nake kuma zuwa gida ganin dangi, wannan rashin yarda yana ci mini rai, domin akwai waɗanda da gaske take cutarwa, cikinsu har da jariran da ba su da bakin bayani.

Gaskiya ne abin bai yawaita ba kamar na gyaɗa ko madara ko ƙwai. Amma akwai shi. Wani da ya ci, cikin mintuna ko awa ɗaya zuwa biyu sai borin jini ya feso masa, leɓe ya kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa. Wannan yana iya kisa, allurar adiranalin ake yi masa cikin gaggawa. Wani kuwa kumburin ciki ne kawai da rashin jin daɗi, ba ya kai ga haɗari.

Wanda ya fi ɓoyewa shi ne na jarirai. 'Yar ƙanwata a Gwammaja tana wata bakwai aka fara ba ta kunun shinkafa. Ta sha lafiya lau, ta yi wasanta. Bayan kamar awa biyu sai amai, wani na bin wani, jikinta ya saki kamar tsumma. Hajiyarmu ta ce, "Haƙori ne, ki goya ta ta yi barci." Aka sake ba ta wata ranar, aka sake ganin haka, maƙwabciya ta ce kambun baka ne. Sai da wata likita ta zaunar da uwar ta ce, "Maman yarinya, me ta ci kafin aman, kuma da ƙarfe nawa?" sannan aka gano bakin zaren. Irin wannan hanji yake taɓawa, ba ya fito da ƙuraje, gwajin fata da na jini ma galibi ba sa nuna shi, kuma shinkafa tana cikin abincin da ya fi jawo shi. Yawancin yara suna rabuwa da shi kafin shekara 5. Hajiya ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta gada ke nan. Amma haƙori ba ya sa yaro ya galabaita haka.

A nan Ingila, ranar da za ki kai yaro makarantar reno, cikin tambayoyin farko akwai abincin da ba ya karɓarsa, kuma ba wanda zai yi miki dariya. Doka ta wajabta wa masu sayar da abinci bayyana abubuwa 14 da ba sa karɓar wasu mutane in suna cikin abincin, irin su gyaɗa, riɗi, kifi, madara da waken soya. Tun Oktoban 2021 kuma, abincin da aka naɗe a shago domin sayarwa dole a rubuta duk abin da ke ciki, bayan rasuwar wata yarinya 'yar shekara 15 a 2016 da ta ci burodi mai riɗi ba ta sani ba. Sai dai shinkafa ba ta cikin 14 ɗin nan, kuma biskit da burodin da ake yi wa masu gudun alkama sau da yawa da garin shinkafa ake yin su. To ko a nan sai mutum ya karanta da idonsa.

A wani ɓangaren ma Kano ta fi sauƙi. Mai waina ta san abin da ta jiƙa, ki ce mata, "Baba, ta shinkafa ce ko ta gero?" ta gaya miki nan take. Ga dawa, ga gero, ga masara, ga acha cike da kasuwar Dawanau, abin da ni a nan sai na neme shi da tsada. Wanda aka hana shinkafa yana da tuwon dawa, burabusko, fura, ɗanwake da dambun masara. Abin kiyayewa shi ne inda take shiga ba a ganinta: sinasir, nakiya, da kunun gyaɗa da ake ɗaurewa da ƙullunta.

Kada kuma kowa ya yanke wa kansa hukunci. Dafa-dukar da ta kwana a tukunya cikin zafin Kano babu wuta tana iya tara ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda ɗumame ba ya kashe gubarta, kuma ita ma amai take sawa bayan 'yan awanni. Bambancin, wannan yakan kama duk waɗanda suka ci tare, rashin karɓar shinkafa kuwa mutum ɗaya yake bi, ko da yanzu aka sauke tukunya.

Uwar da ta ga hakan ya maimaitu ta dakatar da shinkafar, ta rubuta abin da yaron ya ci da lokacin da aman ya fara, ta kai takardar Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In kuwa baki ya kumbura, ko numfashi ya canza, ko jiki ya saki, kada a tsaya kemis, a wuce asibiti kai tsaye.