Kuɗin talabijin ya raba Oklahoma da abokin wasanta

Shekarata shida ke nan a jihar Oklahoma, kuma har yau ban gama gane dokokin ƙwallon zari-rugar Amurkawa ba. Tsokanar da ke cikinta kam tun zuwana na gane ta. Maƙwabcina, wani dattijo ɗan fansho, komai nasa ruwan lemo ne, daga hula har tutar ƙofar gida, don shi ɗan Jami'ar Oklahoma State ne. Matarsa kuwa ja take sawa, launin Jami'ar Oklahoma. Sun tsufa tare, amma in makon karawar jami'o'in biyu ya zo kowa da kujerarsa a falo.

Bedlam suke kiran wasan, kuma tun 1904 aka fara shi. Ranar 4 ga Nuwamba 2023 aka buga na bankwana a Stillwater, Oklahoma State ta ci 27 da 24, ɗalibai suka tumɓuke turakun gola suka jefa a tafkin makaranta. Washegari na tarar da dattijon zaune jugum a baranda. Na ce, "Baba, lafiya? Ba ku kuka ci ba?" Ya ce, "Mun ci. To baɗi wa zan tsokana?"

Jami'o'in nan rukuni-rukuni suke wasa, kuma da can maƙwabtaka ce ke haɗa rukuni. Yanzu gidajen talabijin ne. A 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni ta kusan dala biliyan 7, kowa kuma yana neman inda romo ya fi kauri. Jami'o'in Oklahoma da Texas suka bar rukunin Big 12 suka koma rukunin SEC a 2024, Oklahoma State kuwa ta zauna a Big 12, shi ya sa Bedlam ya tsaya. A shekarar ce rukunin Pac-12 ya watse, goma cikin sha biyu suka kama gabansu. Big Ten ɗin ma, goma ce a sunansa, amma jami'o'i 18 ke ciki. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Stanford da ke gaɓar tekun Pasifik, wai yanzu 'yar rukunin gaɓar Atlantika ce.

Ni Bakano ne, na san abin da aka ƙwace wa dattijon nan. Duk inda na haɗu da Bazazzagi, ko a filin jirgin Dallas ne, kafin mu gama gaisawa an fara musun wane ne bawan wani. Haka Bafulatani da Babarbare. Wasan nan gadonsa muka yi, ba wanda ya zauna ya zaɓa mana. A ce yau an zo an ce min daga bana Bazazzagi ba abokin wasana ba ne, an musanya min shi da wani attajiri daga nesa, ai ko sunan kakansa ban sani ba balle in zolaye shi.

Ba zan ƙi gaskiya ba, sauyin ya dawo da karawar Texas da Texas A&M a 2024, bayan ta tsaya tun 2011. Amma wannan dace ne kawai, ba don ita aka yi ba. Mu ma kada mu cika baki, yaran unguwarmu sun fi sanin 'yan wasan Arsenal a kan na Kano Pillars, kuma talabijin ɗin ce dai.

A Nuwamban 2024 Oklahoma ta doke Alabama, 'yar sabon rukuninta, 24 da 3. Na leƙa gidansu ana tsakiyar wasan, matar tana ta ihu ita kaɗai, Baba kuwa ya yi barci a kujerarsa, hular ta rufe masa fuska.